Gemun Auduga da Bindigar Kara: Jawabi a Kan Kayan Tashen Yaranmu



Iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata da ke zaune bayan darni suna saurare, ƴan'uwanmu ƴan cin rani da Allah ya kawo gida, da kuma waɗanda wannan takarda za ta iske a Damagaram, ko Yamai, ko Agadas, ko Arlit, ko Kano, ko can Tamanrasat da Sabha, muna gaishe ku baki ɗaya. Waɗanda suka sha hanya, barka da zuwa.

Mun san akwai wanda zai ce a ransa, ashe ƙungiya ta rasa abin magana ne? Ga zancen rijiya, ga na iri, ga na ajin lakwal da iska ta kware wa rufi, amma a tara manya a kan wasan yara? To, a yi mana haƙuri. Waɗancan duka suna nan, za a zo kansu. Mun sa wannan a gaba ne don yana da lokaci, in lokacin ya wuce sai baɗi, kuma ba ya neman kuɗi a aljihun kowa.

Maganar ita ce tashe. Azumi na tafe, in ya kwana goma yara za su fita, kamar yadda muka fita, kamar yadda iyayenmu suka fita. Sai dai duk wanda ya zauna ƙofar gida bayan asham a ƴan shekarun nan ya ga abin da muka gani. Yaran sun rabu kashi biyu. Kashi ɗaya su zo da rigar da suka yini da ita, da gwangwani ɗaya suna bugu, ba su koma kowa ba, ba su kwaikwayi kowa ba, su miƙa hannu. Wannan bara ce, ko da an sa mata sunan tashe. Kashi na biyu kuma ƴaƴan waɗanda ke waje ne, an aiko musu da fuskar roba mai haƙora, da rigar soja ƴar kanti, da bindigar roba mai ƙara. Su ma ba su yi komai da hannunsu ba, sun dai sa abin da aka ba su. Tsakanin waɗannan biyu, abin da ya ɓace shi ne yaron da zai yini yana tsince-tsince a bayan gida, ya haɗa wannan da wancan, da dare ya shigo gidan ubansa, uban ya tsaya yana tambaya ko ɗan wane ne.

Bari mu tuna wa juna yadda ake yi, don akwai matasa a nan da ba su taɓa gani ba, akwai kuma manya da suka iya amma suka ajiye.

Mu fara da tsoho, tun da shi ne uban tashe. Yaro ɗan shekara goma yana so ya zama ɗan tamanin kafin magariba. Gemu yake bukata, da doro, da sanda, da rigar da ta fi ƙarfinsa. Gemun, auduga ce ta tsohon matashin kai ko katifar da ta fashe. Inda babu auduga, ga tumfafiya nan ko'ina a bayan gari. In ƴaƴanta suka bushe suka tsage, akwai farin gashi mai laushi a ciki wanda ya fi auduga kama da furfura. Wani kuma ya jira ranar kasuwa ya je wurin mahauta ya roƙi gemun bunsuru. Abin liƙawa kuwa ƙaro ne. A ɓamɓaro shi daga jikin dakwara, a jiƙa a sakaina tun da hantsi, kafin la'asar ya yi danƙo. Yaro mai wayo ba ya liƙa gemun a fatarsa. A kan ƙyalle yake liƙawa, ya ɗaura ƙyallen ta bayan kunnuwa, don gobe ma ya samu na sawa, kuma kada ya kwana yana kuka wajen cirewa. Doron, tsumma ne ake cusawa a baya, ko rabin fasasshiyar ƙwarya a ɗaure da igiyar kaba. Toka kaɗan a gira da kai. Sauran aikin na ƙafa ne da murya, wato yadda zai riƙa rawar jiki, yana tari, yana neman wurin zama. Wannan kuwa ba a saya, sai yaro ya zauna ya kalli kakansa da kyau.

Sai masu kaki. Kowane zamani da nasa. Iyayenmu sun kwaikwayi kwamanda da gardinsa, mu mun kwaikwayi supurefe da jandarma, yaran yau kuma tun da aka yanke Belbeji daga Tanut aka mai da ita dapartama a 2011, sun samu perefe biyu na kwaikwaya. Rigar, buhu ne. A yanke ramin wuya a gindinsa, a yanke na hannuwa a gefe, a juya shi ciki ya koma waje don rubutun ya ɓuya. Wanda ya samu tsohon buhun algarara ya fi kowa sa'a, don launinsa ma na kaki ne. Hula, kwali ne a naɗe a ɗinke da zare, ko ƙaramar ƙwarya a kife. Anini da lambobin ƙirji, marafan kwalba ne a daddake da dutse su baje, a huda da ƙusa. Igiyar kafaɗa, takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin shayi, wadda a ƙasar nan ba gidan da ba ya zubar da ita kowane mako. Tabarau kuwa na kara ne: a fere ɓawon karan siriri, a lanƙwasa shi ya yi zobe biyu, a soke bakunan cikin totuwa. Da ɓawon kara da totuwa ɗin nan ake yin rediyo mai eriya, da agogon hannu, da bindiga, da mota har da ƙafafunta. Wanda ya iya fere kara bai yanke yatsa ba, ya fara sanin wuƙa ke nan.

Abin da muka fi so a farfaɗo da shi, mu mutanen Damargu, shi ne raƙumi. Ƙasarmu hanyar ayari ce tun kafin zuwan Nasara, tsakanin Kano da Damagaram da Abzin, kuma nan ne Buzaye ke saukowa da gishiri da dabinon Bilma su koma da gero. Saboda haka yaranmu sun san raƙumi kamar yadda yaron birni ya san mota. Yara biyu ne ke shiga ƙarƙashin tsohuwar tabarma ko bargo. Na baya ya sunkuya ya riƙe ƙugun na gaba, a kifa masa tsohon kwando a gadon baya ya zama tozo. Na gaba ya riƙe wuyan, wato kara biyar ko shida a ɗaure da kaba a naɗe da tsumma. Kan kuwa, tsohon takalmi ƙafa ɗaya ya isa, musamman wanda bakinsa ya ɓare, don in ana tafiya sai ya riƙa buɗewa yana rufewa kamar mai tuƙa. Na uku shi ne madugu, da rawanin tsohon zane har ya rufe baki, da takobin kara, da garkuwar guntun tabarma. Wahalar wasan nan ita ce durƙusawa. Raƙumi da gaba yake fara durƙusawa, in zai tashi kuma da baya yake farawa, in yaran suka juya abin, duk gidan za a kwashe da dariya, har jinjiri ya san an yi kuskure. Sai sun yi kwana da kwanaki suna gwadawa a bayan gari kafin su daidaita ƙafa.

Ƴan mata su ma ba a bar su baya ba. A wasan Mairama da Daudu, ɗaya ce ke komawa namiji da rigar wanta da hularsa da gashin baki na gawayi, ɗayar ta sha ado da sarƙar ƙwallon aduwa ko na magarya da aka huda aka zura a zare, da awarwaron marafan kwalba, da goyon ƴar tsana ta kara. Kiɗansu ƙwarya ce a kife cikin ruwa. Duk abin da uwa ke faɗa wa ƴarta ranar kai ta ɗaki, yarinya ƴar shekara tara ta riga ta faɗe shi cikin wasa a tsakar gidan maƙwabta.

Kayan kiɗan maza ma daga juji suke fitowa, kuma kada wani ya raina su. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, kuntiginsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata aka ja masa tsirkiya ɗaya, da shi ya zaga duniya.

Wannan abu ba namu ba ne mu kaɗai, kuma ba ƙaramin abu ba ne a idon waɗanda suka san darajarsa. Nan Damagaram, wajen kilomita 150 kudu da Tanut, akwai wasan kara, inda samari ke naɗa shugaban ƙasarsu da ministocinsu da gwamnansu da sarkinsu, kowa ya yi shigar wanda yake kwaikwaya, ya ɗauki tafiyarsa da maganarsa, su kuwa manyan na gaskiya su zo su zauna suna kallon kansu. Sunan wasan ma ya nuna asalinsa: karan gero bayan girbi. A ƙauyukan Kano da Katsina akwai kalankuwa, ita ma da kaka ake yi, da naɗe-naɗen sarautun samari. Can Wagadugu ta ƙasar Burkina, yara na fita da dare cikin azumi da fuskokin dabbobi na ƙwarya da kwali, suna kiran wasan dodo, kuma su da kansu suna cewa fatake Hausawa ne suka kai musu shi. Waɗanda suka yi Samariya a zamanin Janar Seyni Kunce, wanda ya hau mulki a 1974, sun tuna cewa da aka fara babban bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, masu wasan kwaikwayon da suka fi burge jama'a ba su koyi sana'ar a wata makaranta ba. A tashe suka koya.

To, me ya kashe hannun yaranmu? Za a ce salula, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce, don akwai yara da yawa a garin nan da ba su taɓa riƙe ta ba.

Mu a ganinmu babban dalili shi ne kara ya yi kuɗi. Dā, in an yi girbi, kara na nan zube a gona har bazara, dabbobin Fulani su ci, yara su kwasa, ba mai tambaya. Tun daga farin 1973 da na 1984 abin ya fara sauyawa, yau kuwa ba a gama yankan gero ba sai an tattara karan an ɗaure an ɗora a kan rumfa ko reshen itace, don shi ne abincin dabba da bazara, shi ne darni, shi ne makamashi, kuma in rani ya yi tsanani ana kai shi kasuwa a amalanke. Ba mu ga laifin kowa ba a nan. Ƙasar da ruwanta bai taka kara ya karya ba, dole mutum ya tattala. Amma sakamakon shi ne yaron da ya zari kara biyar don ya yi bindiga, duka zai sha. Haka buhu: ana zuba gero, in ya huje a ɗinke, in ya mutu a warware a tufka igiya. Haka gwangwani, haka kwalba, duk akwai mai saye. Mutanen birni in suna maganar amfani da abin da aka zubar, su shara ta yi musu yawa ne. Mu nan ba mu da shara ta kirki sai leda. Saboda haka in ana son yaro ya samu abin yin kayan tashe, sai babba ya ɗauka da hannunsa ya ba shi.

Akwai kuma dalili na biyu da ba a cika lura da shi ba, wato tafiyar wata. Azumi na gusowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, sai ya yi wajen shekara 33 kafin ya zagayo inda ya taso. Daga 2010 zuwa 2018 ya faɗo ne tsakanin Agusta da Mayu, wato damina da bazara. Lokacin nan karan bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, yara suna gona da rana, da dare sun gaji, ga hadari. Yaran da suka tashi cikin waɗannan shekaru ba su ga tashe mai kyau ba, su ne kuwa yayyen yaran yanzu, waɗanda ya kamata su koya musu. Nan igiyar ta tsinke. Amma ga shi wata ya juyo. Azumin 2025 farkon Maris, na 2026 bayan tsakiyar Fabrairu, na 2030 kuwa, bisa lissafi, farkon Janairu, daga nan ya gangara cikin kaka. Wato muna shiga shekarun da azumi zai riƙa samun kara a tsaye, aikin gona ya ƙare, dare ya yi tsawo. Rabon da a ga haka tun ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000. Ku lissafa, ƴan'uwa: yaran da suka yi tashe a wancan lokaci, su wane ne yau? Ku ne, masu shekara talatin da ƴan kai zuwa arba'in, ku da ke Libiya da Aljeriya da wuraren haƙar zinariya na Jado. Ku ne na ƙarshe da kuka iya. In wannan zagaye ya wuce ba ku koya wa ƴaƴanku ba, wanda zai biyo baya sai bayan 2060, kuma ba mu san wa zai rage a cikinmu ba.

Shi ya sa muke so mu yi magana da ku kai tsaye, ku ƴan cin rani, kuma ba da faɗa ba. Mun san abin da ke sa mutum ya tsaya gaban shago a garin mutane ya sayi fuskar roba. Shekara biyu bai ga ɗansa ba, yana so yaron ya riƙe wani abu ya ce babana ne ya aiko. Wannan ƙauna ce, Allah ya saka. Amma ku dubi abin da ke biyo baya. Kayan ya ci jikkunan da za su sayi tiyoyin gero. Ya yi dare uku ya tsage, ba mai iya gyara shi. Ɗan maƙwabci da ubansa bai je ko'ina ba ya ji kunyar gemunsa na auduga, ya cire ya jefar, ya koma bugun gwangwani. Shi kuma mai fuskar robar bai kwaikwayi kowa ba, don wannan fuska ba ta kowa ba ce a garin nan, ba ta ba da dariya, sai dai ta firgita ƙanana. Game da rigar soja mai dabbare-dabbare da bindigar roba baƙa kuwa, kun san halin da ƙasa take ciki, kun san shingayen da kuka wuce a hanya. Ba ma son yaro ɗan shekara goma sha huɗu, mai tsayi, ya fito da dare da abin da za a ɗauka na gaske ne daga nesa. Bindigar kara ba wanda ya taɓa ruɗewa da ita. A Kano, ƴan sanda sun dakatar da tashe a azumin 2022, saboda ɓata-gari da suke fakewa da shi su yi ƙwace. Mu nan ba mu kai can ba, kuma hanyar da ba za mu kai ba ita ce wasan ya zauna hannun ƙanana, a fili, manya suna gani.

In kuna son aiko da wani abu, ku aiko da almakashi, da allura babba ta ɗinkin buhu, da zare, da alli mai launi. In za ku taho gida, kwalin da kuka ɗauro kaya a ciki kada ku bar shi a tasha. Wanda ba zai samu zuwa ba, in ya kira gida, ya sa a ba yaron waya ya gaya masa yadda ake fere kara a yi tabarau. Minti biyar ya isa.

Iyayenmu dattawa, ku ma muna da roƙo a gare ku, kuma mun san ya fi na kara nauyi. Yaro in ya yi shiga, wani zai kwaikwaya, kuma ba zai je Yamai neman wanda zai kwaikwaya ba. Mai gari zai ɗauka, da liman, da mai awo da ke danne tiya da babban yatsa, da ɗan cin ranin da ya dawo da tabarau da rediyo ya manta Hausa, da mu ƴan kwamitin ƙungiya da jakar takardunmu. A ƴan shekarun nan mun ga ana kora yara daga ƙofar gida, ana cewa rashin kunya ne. To, ku da kanku kun san ba haka aka gada ba. Ƙasarmu ƙasar wasa ce: Babarbare da Bafillace, Buzu da Bazabarme, taubashi da taubashi, jika da kaka. Har hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin gadon duniya a 2014. A Damargu, inda Dagira da Hausawa da Buzaye da Fulani ke shan rijiya ɗaya, wasan nan ya sha kashe wutar da alƙali ba zai iya kashewa ba. Tashe ɗan wannan gida ne. Wata ɗaya a shekara ake ba yaro dama ya nuna wa babba yadda ake ganinsa, kuma mai awon da ya ga an kwaikwayi yatsansa gaban matansa, sau da yawa yakan gyara ba tare da an kai shi gaban kowa ba. Iyaka dai a tsawata wa yara kada su taɓa mai naƙasa ko mai taɓin hankali, kada su kama sunan mutum, kada su shiga abin da ya shafi mutuncin iyali. Malamanmu kuma sun yi magana a kan lokaci, mun karɓa: ba fita sai an sallame asham, ba kiɗa kusa da masallaci, in goman ƙarshe ta shiga a sassauta.

Yanzu sai abin da za a kiyaye, kuma muna roƙon iyayenmu mata su buɗe kunne a nan, don a hannunsu kayan ke bi. Azumin sanyi azumin wuta ne, kowane gida da wurin jin ɗumi. Buhun zamani na roba ne, in ya taɓa wuta ba ci yake yi kamar tsumma ba, narkewa yake yi ya manne a fata. Yaro mai rigar buhu da gemun auduga kada ya matsa kusa da murhu, kada a ba shi fitilar kwai ko aci-balbal, a ba shi tocila. Rigar kuma a yi ta da faɗin wuya yadda za a iya zare ta da hannu ɗaya. Buhun taki, da kowane galan ko gwangwani da aka taɓa zuba maganin fara ko na ƙwari a ciki, kada ya shiga kayan wasa ko an wanke shi sau goma. Dafin na shiga ta fata, balle yaro yana gumi. Mun kuma ga yara na fasa tsohon batirin tocila su shafa baƙin cikinsa a fuska. A hana. Ga gawayi, ga baƙin gindin tukunya, ga toka, ga farar ƙasa da ja, duk ruwa na wanke su. Masu ɗibar gashin tumfafiya su ɗauki busasshe kawai, don nononta in ya shiga ido yana iya yi masa lahani. Bakin gwangwani a daddake shi ya kwanta. Gidan sauron da ake kwana ciki ba na rawani ba ne, ko da ya yi ƴar huda, a ɗinke shi a mayar kan gado.

Leda kuwa, an kafa dokar hana ta a ƙasar nan tun 2014, amma ku dubi ƙayoyin bayan gari ku gani. Kowa a nan ya san akuyar da ta rame ba dalili, aka yanka aka iske tumbinta cike da ita. In yara za su tsince ta su yayyanka su tufka igiya ko su yi gezar doki da wutsiyar kura, madalla, sun rage wa awaki. Amma ba a rufe fuska da leda, ko an huda ta.

Abin da kwamiti ya tsayar, yake neman amincewarku, ga shi. Kowane gida ya ware dami ɗaya na kara, ƙarami ma ya isa, da duk abin da ya san ya gama aiki: buhun da ba ya ɗinkuwa, tabarmar da ta mutu, fasasshiyar ƙwarya, takalmi ƙafa ɗaya, tsumma wankakke. A kai zauren mai gari kafin Sha'aban ya raba. Ba a karɓar kuɗi. Muna neman dattawa uku ko huɗu, da tsofaffi mata biyu, waɗanda za su riƙa zama da yaran bayan la'asar a goman farko. Sharaɗi ɗaya muka sa musu: su nuna sau ɗaya, su naɗe hannu. In raƙumin ya fito da wuya a karkace, a bar shi a karkace, na yaran ne. Malamin lakwal ya ce zai ba da aron almakashi biyu.

Sauran yana hannun masu gida ranar da yara suka yi sallama. Wanda ya zo da gwangwani kawai, a ba shi abin da ya sawwaƙa, kada a kore shi, amma a tambaye shi ina gemunsa. Waɗanda suka zo da shigar da suka yi da hannunsu, a shimfiɗa tabarma, a kira mutanen gida, a bar su su gama wasansu har ƙarshe, sannan a zuba musu gero da hannu biyu. Yara sun fi mu iya lissafi, kafin dare uku labari ya zaga gari. Ƴan mata su tsaya cikin unguwarsu, babbar mace ɗaya tana biye da su, kowa ya koma gida kafin dare ya raba.

Wanda ke da tsohuwar rigar da zai bayar, ko yake so a rubuta sunansa cikin masu zama da yara, ya ga magatakarda bayan an tashi. Ƴan'uwa na waje kuma su ba da saƙonsu ta hannun wakilin garin da suke. Allah ya kai mu watan lafiya, ya dawo mana da matafiyanmu. Yanzu sai mu koma maganar rijiya.

Wassalamu alaikum.